Yadda zaman gida ke haɗa ɗaliban ɗaukar hoto rigima da masu ba su aiki

A ranar 19 ga Maris, 2020 Ma’aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu a faɗin Najeriya saboda annobar Korona. Kwana huɗu bayan haka Ƙungiyar Malaman Jami’o’i ta ASUU ta tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani, wanda ba ta janye ba sai a ranar 23 ga Disamba. Ɗaliban da suka bar makaranta da zaton hutun makonni ne suka wayi gari sun shafe wata tara a gaban iyayensu.

Cikin waɗanda wannan zama ya fi shafa akwai wani rukuni da ba a cika waiwayarsa ba, wato ɗaliban da ke koyon ɗaukar hoto a sassan aikin jarida da na zane-zane a jami’o’i da kwalejojin fasaha, da kuma makarantu irin su Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa da ke Jos. Da yawansu ba sa jiran kammala karatu kafin su fara karɓar aiki. A ƙarshen mako suna ɗaukar hoton biki da suna da saukar karatu, kuma da ɗan abin da suke samu suke sayen takardu da abinci, wasu ma har su biya kuɗin rajista.

Ga irin wannan ɗalibi, rufe makaranta da dokar kulle sun zo ne a daidai lokacin da kuɗin mutane ke hannunsa, alƙawuran mutane kuma ke wuyansa. Lamarin bai tsaya a 2020 ba. ASUU ta sake yajin aikin wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, 2022. An toshe layukan waya a Jihar Zamfara a watan Satumbar 2021. An sa dokar hana fita ta awa 24 a Kano a ranar 1 ga Agusta, 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Rashin lafiya ko jinyar mahaifi ma kan tsare mutum a gida ba tare da wata doka ba. A kowane hali matsalolin da ke tasowa tsakanin ɗalibin da mai ba shi aiki kusan iri ɗaya ne, kuma akasarinsu suna samo asali ne daga abubuwan da ɓangarorin biyu ba su fayyace ba tun farko.

Abin da ɗalibi ke barowa a makaranta

Mai ba da aiki yakan ɗauka cewa duk wanda ya rataya kyamara a wuya ya mallaki kayan sana’a. Gaskiyar ita ce ɗalibi kan yi aiki ne da kayan da rabinsu ba nasa ba ne. Fitilun situdiyo da ƙyallen da ake shimfiɗawa a bayan mutum da babbar kwamfutar gyaran hoto na sashensu ne. Gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, wanda da shi ake ɗaukar amarya daga ƙarshen zaure, sau da yawa aro ne daga abokin karatu ko haya daga wani situdiyo a gari. Ranar da aka garƙame ƙofar makaranta, abin da ya rage masa bai wuce kyamara ɗaya da gilashi ɗaya da batir ba.

Akwai kuma abin da ba a ɗauka a jaka. A makaranta, idan hoto ya yi duhu ko launinsa ya karkata, akwai malami ko babban ɗalibi da zai duba ya faɗi inda aka kuskure kafin hoton ya kai hannun mai shi. Wanda ke zaman koyon aiki a situdiyo yana da ubangida da ke tsayawa tsakaninsa da kwastoma. Shi ke yanke farashi, shi ke ba da haƙuri idan an yi jinkiri, kuma sunansa ne ke sa mai biki ya yarda ya ba da kuɗi. A gida ɗalibi shi ne mai ɗauka, shi ne mai gyara, shi ne mai karɓar kuɗi, kuma shi ake kira a waya idan rai ya ɓaci.

Sai kuma kasuwar kanta. Bukukuwan aure a Arewa sukan taru ne a makonnin da ke gaban azumi da kuma bayan Ƙaramar Sallah. A 2020 an fara azumi a ranar 24 ga Afrilu, aka yi Sallah a ranar 24 ga Mayu. Jihar Kaduna ta shiga kulle tun 26 ga Maris ta yi kwana 75 a ciki. Kano ta rufe a daren 16 ga Afrilu, sannan a ranar 27 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya mata cikakkiyar dokar kulle ta mako biyu, wadda daga baya aka tsawaita. An soke hawan Sallah a Kano a wannan shekara. Ke nan kakar da mai hoto ke tara abin da zai ci na watanni ta faɗo gaba ɗayanta cikin kwanakin da aka hana taro.

Rigimar kafin alƙalami

Babbar rigimar da ta fi yawa ita ce ta kuɗin da aka bayar tun kafin aiki. A al’adar sana’ar, mai biki kan ba da wani kaso na kuɗin don a riƙe masa rana. Ɗalibi ba ya ajiye wannan kuɗi. Da shi yake biyan hayar gilashi da fitila, ya sayi katin ajiyar hotuna, ya ba wanda zai taya shi ɗauka wani abu, wani lokaci ma ya biya kuɗin albam tun da wuri don kada farashi ya tashi.

A ɗauka wani ma’aikacin gwamnati ya sa ranar auren ’yarsa, ya ba ɗalibi rabin kuɗin hoto, sai aka hana taro. Aka ɗaura aure a zaure da mutum goma, aka kai amarya ba kamu ba dina. Uban amarya yana ganin tunda ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba, a mayar masa da kuɗinsa cif. Ɗalibin yana ganin ya riƙe ranar, ya ƙi karɓar wasu ayyukan saboda ita, kuma ya riga ya kashe wani ɓangare a kan shirin bikin. Kowannensu yana da hujja, domin babu wanda ya karya alƙawari. Hukuma ce ta hana.

Abin da ke dagula lamarin shi ne kalmar “kafin alƙalami” tana ɗauke da ma’ana biyu a bakin mutane. A wajen wasu wani ɓangare ne na farashi, wanda ke komawa ga mai shi idan aiki bai yiwu ba. A wajen wasu kuma kuɗin riƙe rana ne da ba ya dawowa. Idan ba a faɗi wanne ake nufi ba a ranar da kuɗin ya shiga hannu, to kowa zai zaɓi ma’anar da ta fi masa daɗi a ranar da aka samu matsala.

Hanyoyin sasantawa da masu sana’ar suka saba bi guda uku ne. Ko dai a ɗage aikin zuwa wata rana ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko a juya kuɗin zuwa wani aiki dabam kamar hoton ango da amarya su kaɗai ko hoton suna idan an haihu, ko kuma a cire abin da ɗalibin ya riga ya kashe, wanda zai iya nuna shaidarsa, a mayar da ragowar. Hanya ta ukun ba ta yiwuwa sai ga wanda ke ajiye rasit ko saƙon banki na duk abin da ya biya. Ɗalibin da ya haɗa kuɗin aiki da kuɗin aljihunsa a asusu guda ba zai iya bambance abin da ya tafi hayar kaya da abin da ya tafi katin waya ba, kuma wannan ne ke sa a riƙa yi masa kallon wanda ya ci amana ko da bai yi niyya ba.

Idan sulhu ya gagara, akwai kotunan ƙananan ƙararraki, waɗanda Legas ta fara kafawa a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, inda mutum kan iya shigar da ƙara a kan bashi ba sai ya ɗauki lauya ba. Sai dai ga matashin da jarinsa ke nan sunansa, zuwa kotu da kwastoma asara ce ko da shi ya yi nasara.

Daga hoton biki zuwa hoton haja

Da taro ya tsaya, wata ƙofar ta buɗe. Lokacin kullen Kano, gwamnatin jihar ta riƙa sassautawa ne a ranakun Litinin da Alhamis na ’yan awanni don a sayi abinci. ’Yan kasuwar da shagunansu ke rufe, da matan da ke sana’a daga gida, sun koma tallata atamfa da shadda da leshi da turare da takalma ta WhatsApp da Instagram da Facebook. Duk wannan ciniki a kan hoto yake tafiya, kuma aiki ne da za a iya yi a tsakar gida: a aiko da kaya, a ɗauka, a mayar.

A ƙasashen waje an gwada wasu dabarun. A Amurka masu hoto sun riƙa tsayawa a bakin titi suna ɗaukar iyalai a ƙofar gidajensu daga nesa, wasu kamfanonin tufafi a Turai kuma suka ɗauki hotunan talla ta kiran bidiyo na FaceTime. Irin wannan yana buƙatar intanet mai ƙarfi a ɓangarorin biyu, don haka hoton haja ne ya fi dacewa da ɗalibin Najeriya.

Sai dai aiki ne mai wuyar sha’ani fiye da yadda ake zato, kuma wuyarsa tana cikin launi. A hoton biki, idan rigar ango ta ɗan yi haske fiye da yadda take, babu mai damuwa. A hoton atamfa kuwa launin shi ne hajar. Idan mai saye a Abuja ta ga shuɗi mai duhu a waya, aka aika mata da kaya ta tarar da shi ya karkata zuwa kore, za ta mayar da shi, ɗan kasuwa ya yi asarar kuɗin mota zuwa da dawowa, shi kuma ya juyo kan mai hoto.

Dalilin wannan sauyi shi ne kowane haske yana da nasa launin. Hasken rana da tsaka yana kusan ma’aunin Kelbin 5,500, tsohon ƙwan lantarki mai zare kuma yana wajen 2,700, shi ya sa yake rina komai da ruwan ɗorawa. Idon mutum yana gyara wannan bambanci da kansa, kyamara kuwa sai an gaya mata. Idan aka haɗa hasken taga da na ƙwan ɗaki a hoto guda, gefe ɗaya na yadin zai yi ja-ja, ɗayan ya yi shuɗi-shuɗi, kuma babu gyaran kwamfutar da zai daidaita su duka biyun cikin sauƙi. Bangon ɗaki ma yana da tasiri, domin hasken da ya bugi koren fenti yakan dawo da koren a kan farar shadda.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A kashe ƙwan ɗaki a yi aiki da hasken waje kaɗai, a inuwar baranda ko kusa da babbar taga da aka rufe da farin ƙyalle mai shara-shara don tausasa hasken. A fara ɗaukar farar takarda ko kati mai ruwan toka a wurin da za a ajiye kayan, a saita kyamara a kansa. Farin kwali da aka jingine a ɗaya gefen yakan mayar da haske ya cike inuwa, ya yi aikin fitila ta biyu. A kuma tuna cewa ƙarfin hasken fitila yana raguwa da sauri: idan aka ninka tazarar da ke tsakaninta da kaya, hasken da ke isa gare su yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Kowace haja da halinta. Shadda tana da ƙyalli, sai an hasko ta daga gefe zanen jikinta yake fitowa. Kwalbar turare tana nuna duk abin da ke gabanta kamar madubi, har da mai ɗaukar hoton, don haka an fi haska ta daga baya. Sarƙa da ɗan kunne suna son a ɗora kyamara a kan abin da ba ya motsi, ko da jerin littattafai ne, domin ɗan rawar hannu kaɗan kan ɓata su. Wanda dole ta sa shi aiki da ƙwan zamani da dare zai iya ganin layuka masu duhu sun ratsa hoton. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma saita saurin ɗauka a kashi ɗaya cikin 50 ko ɗaya cikin 100 na daƙiƙa yakan rage wannan matsala.

Akwai kuma wani nauyi da ke zuwa da wannan aiki wanda babu shi a hoton biki. Kayan mutane ne ke kwana a ɗakin ɗalibi. Turmi ashirin na atamfa dukiya ce, a gidan da akwai yara da ɓeraye da rufin da ke yoyo da damina. Ƙirga kaya a gaban ɗan aike lokacin karɓa da lokacin mayarwa, tare da tura hoton lissafin ga mai su, yana kare ɓangarorin biyu daga zargi.

Wuta da data da dala

Mai ba da aiki yana ganin awa biyu ko uku da aka yi ana ɗauka. Ba ya ganin kwanakin da ke biyo baya na tacewa da gyara. Kyamarar da ke da megafiksel 24 tana fitar da hoto ɗaya mai nauyin kusan megabait 25 idan an ɗauka a tsarin RAW, wanda shi ne ke ba da damar gyaran haske da launi sosai. Hoto 800 na biki guda ya kai gigabait 20 ke nan. Tace su da gyara waɗanda aka zaɓa yana cin awanni masu yawa a gaban kwamfuta, kwamfutar kuma tana cin wuta.

A makaranta akwai janareton sashe ko na ɗakin karatu. A gida sai abin da kamfanin rarraba wuta ya bayar. A watan Oktobar 2024 akasarin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin. Ɗalibin da ya yi alƙawarin miƙa aiki cikin kwana uku a irin wannan lokaci ya yi alƙawarin abin da ba ya hannunsa. Idan ya tayar da janareto, kuɗin mai na iya cinye ribar aikin, musamman bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

Tura hoton ma wata matsala ce. Hanyar da kowa ya sani ita ce WhatsApp, amma manhajar tana matse hoto idan aka tura shi yadda aka saba, ta rage tsawonsa zuwa kusan ɗigo 1,600. A fuskar waya ba a ganin bambanci. Sai ranar da aka kai shi wurin wanki don a sa a firem ake ganin ya dushe, domin hoto mai faɗin inci 8 da tsawon inci 10 yana buƙatar ɗigo 2,400 a faɗi da 3,000 a tsawo kafin ya fito sarai. Mai hoton sai ya zargi ɗalibi da rashin iya aiki, alhali a hanya hoton ya lalace. Tura shi a matsayin fayil, ko ɗora shi a Google Drive, ko sa shi a filas a ba ɗan aike, yana kiyaye ingancinsa, amma biyun farko suna cin data, kuma ya kamata a san wanda zai biya ta tun kafin a fara.

Sannan ga batun manhajar gyara. Lightroom da Photoshop na kamfanin Adobe ana biyan su ne wata-wata, kuma a 2020 da dala ake biya. A watan Maris na 2020 Babban Bankin Najeriya ya karya darajar naira daga 306 zuwa 360 a kan dala ɗaya a farashin hukuma, bankuna kuma suka riƙa rage adadin dalar da za a iya kashewa da katin naira, har wasu suka dakatar da hakan gaba ɗaya a shekarun da suka biyo baya. Wasu ɗalibai kan koma ga manhajojin sata, waɗanda ke iya shigo da cutar kwamfuta ta lalata hotunan bikin da ba za a sake yi ba. Akwai na kyauta da ke yin aikin, irin su GIMP da darktable da RawTherapee a kwamfuta, da Snapseed a waya. Ko da wacce aka yi aiki, ƙa’idar masu sana’ar ita ce kada a goge katin kyamara sai hotunan sun zauna a wuri biyu dabam-dabam.

Gida da nasa dokokin

Situdiyo wuri ne da baƙo zai shiga ya fita ba tare da neman izinin kowa ba. Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure, kuma ba kowane magidanci ne zai yarda a mayar masa da ƙofar gida wurin shigi da ficin baƙi ba, balle a lokacin annoba. Ɗaliba mace, wadda a waje take da kasuwa mai kyau domin iyalai da dama sun fi son mace ta ɗauki taron mata zalla irin su kamu da sa lalle, a gida takan tarar da girki da wanki da renon ƙanne sun cinye safiya, wato lokacin da hasken ya fi kyau.

Akwai kuma ’yan uwa da maƙwabta. Da zarar an san akwai mai kyamara a gida, sai buƙatu su yi ta zuwa: hoton fasfo, hoton jariri, hoton kayan sana’ar gwaggo. Ba a kawo maganar kuɗi, shi ma ɗalibin kunya ba ta barinsa ya kawo. Kowane irin wannan aiki yana cin batir da wuta da lokaci, kuma kyamara tana da iyakar adadin ɗaukar da injinta zai jure kafin ya buƙaci gyara. A nan iyaye ke da rawar takawa. Magidancin da ya ware wa ɗansa ko ’yarsa awanni na aiki, ya kuma nuna wa dangi cewa wannan sana’a ce kamar ɗinki ko kafinta, ya taimaka masa fiye da wanda ya saya masa sabon gilashi.

Hoton na wane ne?

Ɗalibin da aiki ya tsaya masa yakan koma ga tsofaffin hotunan da ya ɗauka ya riƙa sa su a shafinsa don kada a manta da shi. Nan ma rigima kan tashi, domin ba kowane ango ne ke son ganin fuskar matarsa a Instagram ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ɗan kasuwa kan biya kuɗin hoto goma don tallar waya, daga baya ya buga su a allon talla ko ya ba abokin cinikinsa a wani gari ya yi amfani da su, ba tare da ya sanar da wanda ya ɗauka ba.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta yi magana a kan duka biyun. A ƙa’ida haƙƙin hoto na wanda ya ɗauke shi ne, sai idan an yi yarjejeniyar da ta saɓa wa haka. Amma idan mutum ya sa an ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa, dokar ta ba shi damar amfani da shi ta hanyar da ba ta kasuwanci ba, ta kuma ba shi ikon hana a wallafa shi ko a baje shi ga jama’a. Ke nan ɗalibi ba shi da hurumin tallata kansa da hoton amarya sai da yardar masu shi, ɗan kasuwa kuma da ke son cikakken iko da hotunan hajarsa sai ya nemi hakan a fili ya biya kuɗinsa.

Abin da ya kamata a rubuta

Gwamnatin Tarayya ta fito da tallafi a 2020, ciki har da asusun ceto ƙananan sana’o’i na Naira biliyan 75, wanda ya tanadi Naira 30,000 ga masu sana’ar hannu da rajistar sunan kasuwanci kyauta ga mutum 250,000 a Hukumar Rajistar Kamfanoni, sai kuma rancen Naira biliyan 50 na Babban Banki ta hannun bankin NIRSAL. Irin waɗannan shirye-shirye sun fi sauƙin samu ga wanda ke cikin ƙungiyar sana’a ko yake da takardun da ke nuna yana kasuwanci. Ɗalibin da ke karɓar aiki da baki, ba rasit ba rajista, ba ya cikin lissafin kowa.

Kariyar da ke hannunsa ita ce rubutu, kuma ba sai an je wurin lauya ba. Saƙon waya guda da ɓangarorin biyu suka amince da shi ya isa ya zama shaida. A cikinsa a faɗi jimillar kuɗi da abin da aka bayar, da matsayin kafin alƙalami idan aka fasa ko hukuma ta hana taro. A faɗi adadin hotunan da za a gyara, da sau nawa mai aiki zai iya cewa a sake gyara kafin a nemi ƙari. A sa ranar miƙa aiki tare da rarar kwanaki saboda wuta, da hanyar da za a tura, da wanda zai biya data da ɗan aike. A ƙarshe a fayyace ko an yarda ɗalibin ya nuna hotunan a shafinsa, da inda mai aikin zai iya amfani da su.

Ga mai hoton haja, akwai ƙarin mataki guda: a fara ɗaukar kaya biyu ko uku a tura, ɗan kasuwa ya ɗora wayarsa kusa da yadin ya kwatanta launi, sai ya amince sannan a ci gaba da sauran. Fuskokin waya sun bambanta wajen nuna launi, don haka yana da kyau a duba a waya fiye da ɗaya.

Shi kuma mai ba da aiki, idan ya zaɓi ɗalibi saboda sauƙin farashi, ya kamata ya tambaye shi tun farko waɗanne kaya ne nasa, waɗanne ne na aro, da kuma abin da zai faru idan makaranta ta rufe ko hanya ta toshe. Ɗalibin da ya amsa waɗannan tambayoyi da gaskiya, ya kuma kira da kansa ya sanar da jinkiri kafin a neme shi, shi ne wanda za a sake kira idan an buɗe gari.